Turkar Raguna da Dusa a Damargu

Turka, ko kiwon turke, ita ce ɗaure rago a gida na wasu watanni ana ba shi abinci mai ƙarfi har ya yi nama da kitse, sannan a sayar ko a yanka. A ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wannan sana'a ta dogara ne kan abin da ya saura bayan mutum ya ɗebe nasa abincin: dusar gero, harawa, kowar wake, tunkuzar gyaɗa, angurya, da dusar alkama da ake kawowa daga kudu. A wasu ƙasashe babban abin da ke cike wannan gurbi shi ne dusar da ke fita daga masana'antun barasa da na man itanol. Ba a samun irin wannan dusa a Damargu, amma an yi mata bincike mai yawa, kuma abin da aka gano game da tasirinta a naman rago ya shafi ragon da ke ɗaure a Bakin Birji ko Tarka kai tsaye.

Ƙasar da kiwonta

Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da birnin Zinder, a kan hanyar Agadas. Belbeji tana yamma da shi, ta wajen Dakoro. A 2011 aka cire ta daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙaramar hukumar Tarka a cikinta, Tanut kuma ta riƙe Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. Hausawa, Dagirawa, Abzinawa da Fulani ne mazauna. A ƙarni na 19 Damargu ce rumbun da ayarin Abzin ke awon gero a cikinsa, kuma a nan ne, a garin Tagelel, matafiya Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg suka raba hanya a watan Janairun 1851.

Ruwan sama kaɗan ne, galibi tsakanin milimita 200 da 350 a shekara, cikin wata biyu zuwa uku. Iyakar noma ta arewa, wadda dokar 26 ga Mayun 1961 ta shata, ta ratsa wannan yanki, don haka gona da makiyaya suna kafaɗa da kafaɗa. Wannan ne ya sa turka ta yi ƙarfi a nan: makiyayi na arewa yana da ramammun raguna da yake son sayarwa, manomi na kudu yana da kara da harawa da dusa. Tumakin da aka fi gani su ne uda, mai rabin jiki fari rabi baƙi ko ja, da bali-bali, da ara-ara ta Abzinawa. Balami, mai tsawo da faɗin ƙashi, shi masu neman babban ragon layya suka fi so, ko da yake cinsa ma ya fi na saura.

Abin da ragon ke ci

A gida turka aikin mata ne fiye da maza. Da an gama surfe aka wanke gero, ana zuba ƙasarin a kwano, a dama dusa a ciki ta yi ruwa-ruwa, a barbaɗa ɗan gishiri ko kanwa, a ajiye wa ragon a inuwar zana. Da hantsi a watsa masa harawa, da yamma a ƙara dusa, busasshiyar ciyawa ko karan gero kuma suna gabansa ko yaushe. Yara kan tsinto ƴaƴan gawo ko na kandili a zuba masa. Irin wannan rago yakan yi wata shida ko fiye a turke, kuma kusan ba a sayen komai saboda shi, sai in rani ya yi tsanani.

Mai turka don kasuwa lissafinsa daban ne. Yakan sayi raguna biyar, goma ko fiye, ya tsare su wata biyu zuwa huɗu, abincinsu kuma da kuɗi yake saye: buhun dusar alkama, damin harawa, angurya ko tunkuza. Mafi yawan dusar alkamar daga masana'antun fulawa na Najeriya take fitowa, saboda haka farashinta yana bin halin da iyaka ke ciki. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Babbar Salla tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2016 cikin Satumba aka yi ta, lokacin da ɗanyar ciyawa ta wadata. A 2024 da 2025 kuwa cikin Yuni ta faɗo, wato duk watannin turka sun zo a bazara, sa'ad da harawa ta yi tsada, daji ya share, ruwan sha ma sai an yi tafiya. A irin waɗannan shekaru dusa ce ke ɗaukar nauyin da ciyawa ta saba ɗauka, kuma a nan ne matsalolin da za a ambata a gaba suka fi bayyana.

Dusar masana'antar barasa

Idan za a yi barasa ko itanol daga hatsi, ana niƙa masara ko dawa ko alkama, a mai da sitacin sukari, a zuba yis ya cinye sukarin, sannan a tace barasar ta hanyar turiri. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin hatsin yana zama itanol, kashi ɗaya ya tashi a iska, kashi ɗaya kuma ya saura dusa. Tun da sitaci ne kaɗai ya tafi, duk sauran abin da ke cikin ƙwayar ya taru a wannan kashi guda, ya ninka kusan sau uku. Busasshiyar dusar masara, wadda ake sayarwa a kasuwannin duniya da sunan DDGS, tana da furotin kusan kashi 27 zuwa 30 cikin ɗari, da mai kashi 8 zuwa 12, sai dai in masana'antar ta riga ta tatse man, kamar yadda da yawa ke yi yanzu. Yawanta ya ƙaru sosai a Amurka bayan dokokin makamashi na 2005 da 2007, waɗanda suka tilasta gauraya itanol cikin fetur. A ƙasar Sikotland ma an daɗe ana ba shanu da tumaki ragowar sha'ir na masana'antun wiski.

A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da ita shi ne dusar burkutu, wadda masu dafawa ke shanyawa su sayar wa masu aladu da kaji da awaki, da kuma jiƙaƙƙiyar dusar manyan kamfanonin giya, irin wadda masu shanun madara na kewayen Yamai da Kaduna suka sani. Ba ta isa Damargu saboda dalilai uku. Babu masana'antar a kusa. Jiƙaƙƙiyar dusa kashi biyu cikin uku nata ko fiye ruwa ne, kuma a zafin bazara kwana kaɗan take yi ta ruɓe. Na uku shi ne ƙyama: jama'ar yankin Musulmi ne, ragon kuma na ibada ne. Malaman fiƙihu suna duba irin wannan mas'ala a babin jallala, wato dabbar da ke cin najasa, inda mazhabobi suka saɓa, ko da yake busasshiyar dusa barasarta ta riga ta tashi wajen busarwa. Duk abin da fatawa ta ce, mai sayen ragon layya da ya ji an ce da dusar giya aka turke shi, da wuya ya taya.

Abin da gwaji ya nuna a nama

A cibiyar binciken Hettinger ta Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa, wani gwaji da aka buga a 2008 ya nuna cewa ana iya kai DDGS har kashi 60 cikin ɗari na abincin ƴan raguna ba tare da girmansu ko naman da aka feɗe ya lalace ba. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami ƙarin nauyi mafi kyau a wajen kashi 20. Abin da aka fi haɗuwa a kansa shi ne cewa taushin nama da yawan tsoka ba sa sauyawa sosai. Inda sauyi yake shi ne a kitse.

Man masara yana da yawan wani nau'in maiƙo mai ruwa-ruwa da ake kira linoleyik. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin rago suna mai da mafi yawansa daskararren kitse kafin ya shiga jini, shi ya sa kitsen rago ke sandarewa a baki idan nama ya huce. Amma idan man ya yi yawa a abinci, wani kaso yana tsallakewa ya zauna a tsoka yadda yake. Masana abinci suna ganin wannan a matsayin riba ga lafiyar mai ci. Sai dai irin wannan maiƙo iska tana saurin lalata shi: nama ya fi saurin dusashewa daga ja zuwa ruwan ƙasa, kitse kuma ya fi saurin yin wari. Sinadarin bitamin E ne ke rage wannan, kuma ɗanyen ganye ne babban tushensa. Ragon da ya yi wata huɗu bai ɗanɗana kore ba ya rasa wannan kariya.

Wannan batu ya fi nauyi a Damargu fiye da inda aka yi binciken. A can damuwar ita ce kwana nawa yankan nama zai yi a firijin kanti yana ja. A nan kuwa naman layya ajiya ce ta watanni. Ranar Salla ana feɗe ragon, a buɗe shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera na unguwa gaba ɗaya kewaye da wuta babba, zafi yana dukansu daga nesa har dare, kitse yana ɗiga cikin kwanonin da aka tara a ƙasa. Washegari a yayyanka, a raba na rabawa, saura a soya cikin wannan kitse har ruwan ya ƙone, a zuba a tukunya ko kwalla a rufe. Abin da ke tsare wannan soye shi ne kitsen da ya daskare a kansa. Kitse mai tauri yana riƙe shi, mai laushi kuma yana narkewa a zafin ɗaki ya sauya ɗanɗano da wuri. Angurya da tunkuzar gida, wadda ba a tatse manta sosai ba, da dusar gero mai ɗauke da ƙwayar tsiro, dukkansu suna da mai, man angurya da na gero kuma suna da yawan linoleyik kamar na masara. Don haka abin da aka gano a kan dusar barasa hanya ce ta fahimtar abin da waɗannan ke yi.

Launi da ƙanshi ma suna bin abinci. Ragon da ya ci ɗanyar ciyawa kitsensa yakan ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, namansa ya fi duhu, ƙanshinsa ya fi ƙarfi. Na turke kitsensa fari ne, namansa ya fi laushi saboda ba ya yawo kuma maiƙo ya ratsa tsokarsa. Mahauta masu balangu da tsire sun fi son na biyun, amma da iyaka: kitsen da ya taru a ciki, kewaye da ƙoda da hanji, nauyi ne da suka biya kuɗinsa ba za su sayar da shi a farashin tsoka ba. A tumakin Sahel abin da ke saura bayan an cire kai da fata da ƙafafu da kayan ciki yakan kama tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari na nauyin dabbar, kuma turka ce ke kai shi wajen babban adadin.

Haɗurra

Mafi muni ga mai turka shi ne tsakuwar mafitsara. Dusar barasa tana da fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, kuma haka dusar alkama da ta gero da angurya suke. Jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaras kusan sau biyu. Idan lissafin ya juye, rarar fosfaras tana fita ta fitsari ta dunƙule, hanyar fitsarin rago kuma doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa. Ragon sai ya daina ci, ya riƙa yunƙuri yana kaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ya tsaya ɗungurungum. Sau da yawa wuƙa ce ƙarshensa, kuma ragon da ya fi ƙiba, wanda aka fi kashe wa kuɗi, shi abin ya fi samu. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, shi ya sa haɗin gargajiya na dusa da harawa ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan dusa zalla. Ruwan sha isasshe da gishiri suna taimakawa. Kanwa tana rage tsamin tumbi, amma yawanta yana rage tsamin fitsari, wanda shi ne yanayin da irin wannan tsakuwa ke so. A ƙasashen da ake turka da DDGS ana ƙara garin farar ƙasa da sinadarin amoniyam kulorayid a abincin saboda wannan dalili.

Na biyu shi ne fumfuna. Gubar aflatoksin ba ta lalacewa wajen yin barasa, ninkuwa take yi a cikin dusa kamar sauran abubuwa. A Damargu ƙofar shigarta ita ce tunkuza da ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, da buhun dusa da ya sha danshi a hanya ko a shago. Tana cin hanta, tana hana girma. Abin takaici ne cewa kayan da aka ƙi saya don mutane su ake karkatarwa ga dabbobi da rangwame, alhali hantar ragon mutane ne za su ci.

Akwai haɗurra biyu da suka keɓanta da dusar barasa. Ɗaya shi ne farar wuta, wadda ke shiga ta ruwan asid da masana'antu ke amfani da shi. Idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwar rago, ya makance, ya riƙa ɗaga kai sama yana tangaɗi. Ɗayan shi ne jan ƙarfe daga tukwanen tace wiski, wanda tumaki ba sa jure shi kamar shanu, yana taruwa a hantarsu har ya kashe. Angurya kuma tana da nata dafin, gosifol, wanda babban rago ke jurewa amma ɗan da tumbinsa bai ƙosa ba ba ya jurewa.

Sai haɗarin gaggawa. Ragon da aka sayo daga daji bai saba da dusa ba. Idan aka cika masa kwano ranar farko, ko aka ba shi tsabar gero don ya yi saurin ƙiba, tumbinsa yana tsami, ya kumbura, ya yi zawo, wani lokaci ya mutu a dare ɗaya. Mako biyu ake so ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A wannan fanni dusar barasa ta fi tsaba sauƙi, tun da kusan babu sitaci a cikinta.

Bincike a Nijar

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, da tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, tare da masanan cibiyar ILRI, sun yi gwaje-gwaje a kan turkar raguna da harawa da dusar gero. Abin da ke fitowa daga irin wannan aiki shi ne cewa ƙarin abinci mai tsada yana ƙara nauyi, amma ba ya ƙara riba daidai gwargwado: akwai inda ake kaiwa, kowace tiyar dusa da aka ƙara ta fi naman da ta haifar tsada. INRAN ta kuma yaɗa dunƙulen abincin dabbobi da ake yi da niƙaƙƙen kara, dusa, ƴaƴan itatuwa, gishiri da ma'adanai. Amfaninsa shi ne ragon yana cinye karan da a da yake tattakewa. Mafi yawan wannan bincike nauyi da riba yake aunawa, domin su ne abin da mai turka ke tambaya.

Kasuwa

A kasuwannin Tanut, Belbeji da Bakin Birji da ido da hannu ake sayen rago. Mai saye yakan danna gadon baya ya ji ko ƙashi ya ɓuya, ya kama gindin wutsiya, ya shafa ƙirji, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan dillali ya shiga tsakani. Tsawo, ƙaho, hasken gashi da lafiyar ido da kunne da ƙafa, waɗanda sharuɗɗan layya suka tanada, su ne ke yanke farashi. Ba wanda ke biyan ƙari don kitse mai tauri ko naman da zai daɗe, tun da ba a ganinsu sai bayan yanka. Wannan yana ba marasa amana damar ɗura wa rago ruwan dusa da gishiri da safiyar kasuwa don cikinsa ya cika, kuma yana sa mai turka na gaskiya ya fi kula da ƙiba a kan ingancin nama.

Tafiya ma tana da nata tasiri, wanda zai iya shafe duk abin da abinci ya gina. Bayan yanka, sukarin da ke ajiye a tsoka yana juyewa ya zama tsami, ma'aunin pH ya sauka daga wajen 7 zuwa kusan 5.6 cikin kwana guda, kuma wannan ne ke ba nama launi mai haske da juriya. Ragon da aka loda a mota daga Damargu zuwa Zinder, Kano ko Legas, ya kwana a tsaye cikin zafi ba ci ba sha, ya ƙone wannan sukari tun yana raye. In aka yanka shi da isarsa namansa yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa. Hutun kwana biyu ko uku da ruwa da harawa yana mai da mafi yawan abin da ya rasa. A 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje gab da Babbar Salla don farashi ya sauka a cikin gida, matakin da ya sauƙaƙa wa masu saye a birane, ya kuma bar masu turka na Damargu da ragunan da suka ciyar da dusa mai tsada bisa lissafin kasuwar Najeriya.